Babi na Huɗu: Kilo Saba'in a Wuyan Gita

Gitar farko da Mahamadou Souleymane ya riƙe, shi ya sassaƙa abarsa. Yaron, wanda duniya ta sani yau da suna Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne, ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa. Da ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa sai abin ya shiga ransa. Ya samo katako, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita, ya ɗaure da mabuɗan gwangwanin sardin. Shekaru da dama kafin nan, Ibrahim Ag Alhabib, wanda daga baya ya jagoranci ƙungiyar Tinariwen ta Mali, shi ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara.

Ba a banza yaran Sahel suka yi ta komawa wurin mai gyaran keke ba. Idan aka yanke wayar birki aka warware, sai a tarar sirara ne aka tufka wuri guda, galibi 19, kowane sili kaurinsa wajen kashi uku cikin goma na milimita. Kaurin tsirkiyar farko ke nan, mafi siranta, a gitar zamani. Ga ta kuma ko'ina: wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai, inda tsohon ƙarfe ba ya mutuwa, ba zai fito hannu rabbana ba. Sai dai ko an miƙe silin, murɗin tufka ba ya barinsa gaba ɗaya, muryarsa takan yi rawa, a daidaita shi a sake ya yi daidai, a danne shi a tsakiyar wuya ya kauce.

Matashin da ke koyon gita yau a fadar unguwarsu, a Bukoki ko Talaje ko Harobanda, ba dole ne ya warware birki ba. Tasa matsalar daban ce. Ya shiga shago, an zube masa fakiti uku ko huɗu, kowanne da lambobi da Turanci, shawarar da zai gani a YouTube kuma an tsara ta ne domin sabuwar gita da ke kwance a ɗaki mai sanyi a Amurka ko Faransa. Tasa kuwa tsohuwa ce, ta sha hannu, ta sha hunturu, kuma ba kiɗan mutanen can yake son yi da ita ba. Wannan babi na gita mai ƙoƙo ne, wadda ke magana ba tare da lantarki ba.

A fara duba jaki

Kafin a yi zancen lamba ko sunan kamfani, sai a kwantar da gitar a dubi jakinta, wato katakon da aka manna a fuskarta inda tsirkiyoyi suke kamawa. Idan akwai ƴan turaku shida na roba ko ƙashi da ake cusawa cikin ramuka, ta ƙarfe ce. Idan babu turaku, sai ƴan kafofi da ake zura tsirkiya a ƙulle, kan gitar yana da tsaga biyu da sandunan farar roba masu kauri a ciki, wuyanta kuma faffaɗa ne, wajen milimita 52 maimakon 43 ko 44, to ta nailan ce, irin ta Sifaniyawa.

Tsirkiyoyin nailan shida, idan an ɗaure su sun kai murya, suna jan jaki da wuya da nauyin kilo 40 ko kusa da haka. Na ƙarfe da aka fi sayarwa suna ja da fiye da kilo 70: buhun siminti guda da kusan rabi, rataye dare da rana a jikin allon da kaurinsa bai wuce milimita uku ba. Gitar ƙarfe domin wannan kaya aka gina ta. Akwai sandar ƙarfe ɓoye a cikin wuyanta, a ƙarƙashin fuskarta kuma an gicciya katakai biyu masu ƙarfi, tsarin da kamfanin Martin na jihar Pennsylvania ya yi fice da shi tun ƙarni na 19. Ta nailan ƴan haƙarƙarinta sirara ne, yawancinsu kuma babu ƙarfe a wuya.

Irin wannan takan shigo cikin kayan gwanjo, da sauƙin kuɗi. Mai ita ya ga muryarta ba ta fita a hayaniyar fada, sai ya ɗora mata ƙarfe. Makon farko zai ji daɗi har ya yi wa abokai fariya. Daga nan fuska ta fara tasowa a bayan jaki, tsirkiya ta yi nisa da wuya har yatsa ya kasa danne ta, wata rana kuma ana zaune a ji fau, jaki ya ɓalle ya tafi da ɓawon katako. Kafinta zai manna, amma da wuya ta koma yadda take. Akasin haka, wato nailan a gitar ƙarfe, ba ya ɓarna. Murya ce kawai ba ta fita.

Nailan ɗin ma baƙo ne a wannan sana'a. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sirara uku na gitar Sifaniyawa da hanjin tumaki ake yin su, a wanke, a kankare, a murɗa, a shanya. Masu kauri uku kuma siliki ne aka naɗe da siririyar waya. A ƙauyen Salle da ke tsaunukan Abruzzo na Italiya sana'ar gari ke nan, har akwai takardar coci ta 1680 da ta ambaci wani Donato D'Addario a matsayin mai yin tsirkiya. Zuriyarsa ce ta yi ƙaura zuwa New York a 1905, kuma sunan gidansu ne a kan fakitin da makaɗa ke cigiya a Yamai yau. Wanda ya ga jerin ragunan da ake banƙarewa a titunan birnin ranar babbar salla, da kayan cikin da mata ke soyawa a gidaje, yana iya lissafa tsirkiyar da ake cinyewa da yaji a yini guda.

Yaƙin ne ya katse hanya, domin hanji ya koma zaren ɗinkin rauni a asibitocin soja. Andrés Segovia, babban makaɗin Sifaniya, ya shiga wahalar tsirkiya, sai wani maƙerin gita a New York mai suna Albert Augustine ya yi ta gwaji da nailan na kamfanin DuPont, har aka fara sayarwa a 1948. Masu gurmi da molo a nan gida, da masu kora a Gambiya da Senegal, turba ɗaya suka bi ba tare da sun taɓa jin sunan Augustine ba: suka bar izga da fata suka koma zaren kamun kifi, wanda shi ma nailan ne. Goge ne ya ƙi sakin izgar doki. A cibiyar kiɗa ta CFPM Taya, wadda aka buɗe a Yamai a 1989, inda marigayi Malam Maman Barka mai gurmi da biram ya yi aiki, ana iya ganin irin waɗannan kayan kiɗa da ido. Mai gitar nailan da tsirkiyarsa ta farko ta tsinke ana gobe biki, zaren kifi mai kaurin milimita 0.7 zai fitar da shi kunya, don kusan shi ne ma'aunin ta kanti.

Goma, sha ɗaya, sha biyu

Lambobin da ke kan fakitin ƙarfe kauri suke nufi, da ma'aunin inci da aka raba gida dubu. Inda aka rubuta .012, sha biyu ne cikin dubu na inci, wato milimita 0.30. Makaɗa da lambar tsirkiyar farko suke kiran fakitin duka. Sha biyu na D'Addario, mai lamba EJ16, haka yake tafiya: 12, 16, 24, 32, 42, 53. Sha uku yana tashi daga 13 ya ƙare a 56, sha ɗaya daga 11 zuwa 52, goma daga 10 zuwa 47.

A ido ba a ganin bambanci tsakanin 12 da 13. Wuyan gita ne yake ji. Fakitin goma yana ja da wajen kilo 60, sha biyu wajen 73, sha uku ya haura 80.

Dalilin haka, wani limamin coci Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya rubuta shi tun 1636. Abu uku ke yanke muryar tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Tsawo, maƙeri ya riga ya gama magana, wajen santimita 65 daga jaki zuwa kai. Muryar da ake nema ita ma sananniya ce, Mi siririya sai ta kaɗa kusan sau 330 a daƙiƙa guda, Mi mai kauri sau 82. Nauyi kaɗai ya rage a hannun mai saye, mai nauyi kuwa sai an ƙara mata ɗauri kafin ta iso muryar da siririya ta iso cikin sauƙi.

Mai kauri tana da ranarta. Tana girgiza fuskar gita sosai, murya ta cika, amo ya daɗe kafin ya mutu. Shi ya sa masu kiɗan bluegrass a Amurka, waɗanda ke kokawa da ƙarar banjo ba tare da lasifika ba, suke ɗora sha uku a kan manyan gitocin Martin su yi ta duka da ɗan roba mai tauri. Kiɗan da ya fi tashe a Nijar ba haka yake tafiya ba. A saurari ɓangaren farko na faifan Bombino na 2009, *Guitars from Agadez Vol. 2*, ko faifan Les Filles de Illighadad na 2016, inda Fatou Seidi Ghali ke kaɗa gita mai ƙoƙo a fili. Babban yatsa yana riƙe da amo guda a ƙasa, ba ya barinsa. Manuni yana tsintar waƙa a kan sirara. Yatsun ɗaya hannun kuma suna bugawa suna fizgewa da sauri, har murya uku ko huɗu su fito daga kaɗi ɗaya. Hannun masu molo da takwaransa tehardent ne aka ɗora wa gita, kuma aikin yatsa irin wannan tsirkiya mai laushi yake so. A kan sha uku, kafin a sauke shayi na biyu hannu ya ƙage, adon kiɗan ya fara zubewa.

Saboda haka mai koyo da tsohuwar gita ya tsaya a goma ko sha ɗaya. Sha biyu na mai lafiyayyar gita ne da ke raka mawaƙi yana dukan tsirkiya shida gaba ɗaya. Sha uku a bar wa wanda ya san ƙarfin gitarsa, ya kuma san mai gyara. Akwai masu yi wa siririyar tsirkiya kallon ta yara, su ce namiji sai yatsa ya yi kanta. Kantar za ta zo ko da goma ce. Abin da ba ya dawowa shi ne yaron da ya jingine gita a wata na biyu, ba don ba shi da kunne ba, sai don an haɗa shi da sha uku a kan wuyan da ya riga ya lanƙwashe.

Lissafin da ba ya bayan fakiti

Jadawalin kamfanoni bisa ɗaurin Turawa aka yi shi: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Makaɗan Sahel da yawa kuwa, tun daga marigayi Ali Farka Touré na Niafunké har zuwa Abzinawan Agadas, sukan ɗaga tsirkiya ta shida daga Mi zuwa Sol, domin babban yatsa ya sami amon da zai zauna a kai. A wuyan gita tazarar gida uku ce kacal. Amma ɗauri ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da murya, gaba yake yi ya bar ta: gida ukun nan suna ƙara kashi 41 cikin ɗari. Tsirkiya mai lamba 53, wadda ke ɗauke da wajen kilo 12 a Mi, sai ta doshi 17 a Sol, duk a gefe ɗaya na wuya. Ta yi tauri a yatsa, ta riƙa jan jaki ta kusurwa guda, in ta kwana biyu kuma ta tsinke ana cikin murɗawa.

Mai lamba 47, wadda ke cikin fakitin goma, idan aka kai ta Sol wajen kilo 13 take ja, daidai da ƴan uwanta. Wanda ya saba da wannan ɗauri, ko da sha biyu yake so a sirara, ya nemi ta shida mai 46 ko 47 ya musanya. Kamfanoni suna sayar da tsirkiya ɗai-ɗai, kuma babu dokar da ta ce shidan sai sun fito daga leda guda.

Haka nan masu ɗaure gita da kunne, su bi muryar mawaƙi duk inda ta kai su. Gida ɗaya da aka ƙara wa tsirkiya shida yana ƙara kashi 12 cikin ɗari, kilo 73 ya zama 82 ba tare da kowa ya lura ba. Idan muryar mawaƙi tana sama, kapo, ɗan maƙalin da ke danne tsirkiyoyi duka, ake matsawa a wuya, kunnuwan gita da ake murɗawa a bar su inda suke. Manhajar daidaita murya kuma kyauta ce a wayar salula.

Hunturu, bazara, damina

Kamfanonin Martin da Taylor suna ba da shawarar a ajiye gita inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Yamai ba ta zama a wannan tsakani, wucewa kawai take yi sau biyu a shekara. A Fabrairu da Maris laima takan sauka ƙasa da 20, a Agusta ta haura 70.

Katako yana shan ruwan iska yana fitarwa. Da hunturu sai ya tsuke: fuskar gita ta ɗan lotsa, tsirkiya ta kusanci ƙarafan wuya ta riƙa gogarsu tana zirrr, bakin ƙarafan ya leƙo ta gefe yana kartar hannu, in abin ya yi tsanani allo ya tsage daga jaki zuwa gindi. Da damina ya kumbura, tsirkiya ta yi sama, dannawa ta zama aiki. Mutum ya ɗora wa tsirkiya laifi, ya kashe kuɗi ya sayi sabuwa, alhali katako ne ke magana. Maganin hunturu ba shi da tsada: soso a jiƙa a matse shi sosai, a saka cikin akwatin sabulu da aka huhhuda, a rufe tare da gitar cikin jakarta. Rataye ta a bango tana kallon taga kuwa ado ne mai cin gita.

Bazara ta fi haɗari. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota rufaffiya ya haura 60. A irin wannan zafi gam ɗin da ke riƙe da jaki yana yin laushi, kilo saba'in kuwa ba su san hutun rana ba. Mai tafiya Agadas, kilomita ɗari tara da wani abu a bas, ko ma Dosso da ke nan kusa, ya sassauta kunnuwa zagaye ɗaya ko biyu kafin ya miƙa gitarsa ga yaran mota. Wannan yanayi shi kaɗai ya isa hujjar rage lamba guda daga abin da littattafan waje suka ce.

Abin da aka naɗe ta da shi

A gitar ƙarfe, biyun farko tsurar waya ce. Sauran huɗun kowace tana da zuciyar ƙarfe, galibi mai kusurwa shida don naɗi ya kama, sannan aka nannaɗe ta da wata waya mai laushi domin ta yi nauyi ba tare da ta sandare ba. Wayar naɗin ce ake rubutawa da manyan baƙaƙe a fakiti.

Inda aka ga 80/20, jan ƙarfe ne kashi 80, tutiya 20. John D'Addario da maƙerin gita John D'Angelico ne suka fito da shi a shekarun 1930. Launinsa rawaya, muryarsa garau take tana sabuwa, amma ba ya jure zufa. A 1974 kamfanin D'Addario ya kawo na biyu, mai jan ƙarfe kashi 92, kuza 8, da ɗan fosforas. Ya fi ja a ido, muryarsa ta fi taushi, kuma ya fi daɗewa kafin ya dushe. A garin da hannu ke jiƙewa tun kafin a gama waƙar farko, na biyun ya fi dacewa, ko da yake tsohuwar gitar da muryarta ta yi duhu takan ɗan farfaɗo da na farkon.

Abin da ke kashe tsirkiya a Yamai ana iya ganinsa. A zura farce ƙarƙashin ta huɗu a ja daga jaki zuwa kai: baƙin abu ne zai fito, zufa da maiƙo da jar ƙura sun haɗu sun cika tsakanin naɗi. A juya ta a haske, a ga ƴan lotsattsun wurare masu sheƙi daidai inda take haɗuwa da ƙarafan wuya. Tsirkiyar da ta kai haka nauyinta ya daina zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, shi ya sa ba ta ƙara zama daidai komai murɗa kunne. Tsumma busasshe da za a bi kowace da shi, sama da ƙasa, bayan an gama wasa, da wanke hannu bayan an ci kilishi, suna ƙara mata kwana fiye da duk wani mai da ake shafawa. Masu tafasa tsofaffin tsirkiyoyi a ruwa ba ƙarya suke yi ba, datti yana fita, murya ta dawo na ƴan kwanaki. Lotsawar dai tana nan.

A 1997 kamfanin W. L. Gore ya fito da Elixir, tsirkiyar da aka lulluɓe da siririyar roba don kada datti ya shiga naɗi, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. Tana daɗewa, tana da tsada. Ga wanda ke taɓa gita sau ɗaya ko biyu a mako, ta biya kuɗinta. Ga mai wasa kullum lissafin ya bambanta. Tal National, ƙungiyar Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida, ta yi suna a Yamai da wasan awa biyar a dare, dare biyar a mako. A irin wannan aiki tsirkiya tsinkewa take yi kafin ta tsufa, robar kuwa ba ta hana tsinkewa.

Sau da yawa a shago na gitar lantarki kaɗai za a tarar, masu farin naɗi na nikel, 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46. Ba sa cutar da gita mai ƙoƙo. Murya ce za ta ragu, ta uku kuma, da yake tsurar waya ce, takan ɗan haura idan an danne ta. Ga mai wasan biki da ya maƙala na'urar maganaɗisu a bakin ƙoƙo ya haɗa da lasifika, sun ma fi masa, don maganaɗisu ba ya jin tagulla, zuciyar ƙarfen kawai yake ji. Na'urar da ke ƙarƙashin ƙashin jaki kuwa girgiza take ɗauka, ba ruwanta da irin naɗi.

Daga ina ta fito, yaushe ta iso

Tsirkiyar da ake sayarwa a Yamai daga waje take zuwa, Nijar kuma ba ta da teku. Hanyar da aka saba ita ce tashar Kwatano, fiye da kilomita 1,000, ta gadar Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyaka, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, wasu ta Kano, wasu cikin jakar makaɗan da suka dawo daga yawon wasa. Rufe iyakokin ya rutsa da Mdou Moctar da abokan kiɗansa a Amurka. A zaman jiran suka shiga studiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin *Funeral for Justice* da gitoci masu ƙoƙo, faifan da ya fito a 2025 da suna *Tears of Injustice*.

Fakitin da ya yi doguwar tafiya, ya kuma kwana a kanta ƙarƙashin rufin kwano, yana iya tsufa tun ba a buɗe shi ba. Waɗanda aka rufe cikin leda mai hana iska sun fi tsira. Masu ambulan takarda sai an duba. Babu kunya a ce wa mai shago, "Maigida, a ɗan buɗe mini in ga ta farkon." Ɗigon tsatsa guda a kan siririya ya isa a mayar, don nan za ta tsinke.

Sai jabu. Kamfanin D'Addario da kansa ya sha yin gargaɗi kan masu kwaikwayon fakitinsa, har ya riƙa buga lamba a ledar ciki da ake iya tantancewa a intanet. Idan babban suna ya zo da kuɗin da ya yi araha fiye da kima, rubutun kwalin ya yi dishi-dishi, naɗin da ke kusa da ɗan zoben gindi ya yi sako-sako, a yi hattara. Tsirkiyar Sin mai sauƙin kuɗi da ta zo da sunanta na gaskiya, irin su Alice, ta fi wadda ta ari rigar wani, don aƙalla mai saye ya san abin da ya biya.

Saka ta ma yana da ƙa'ida. A ɗan lanƙwasa gindin kusa da zobe kafin a zura a rami, tsagar turke tana fuskantar kan gita, a danna turken ana jan tsirkiyar sama har a ji zoben ya kama katako ta ciki. In ya zauna a bakin turke, ana fara ɗauri turken zai yi tsalle. A kunne, zagaye biyu ko uku sun isa wa masu kauri, huɗu ko biyar wa sirara, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya. Sannan a kama kowace a tsakiya a ɗan ja ta sama, a sake daidaitawa, a maimaita har ta daina sauka. Wanda ya canja daga sha biyu zuwa goma ya ba wuyan kwana biyu ya huta, in tsirkiya ta fara gogar ƙarafa a sassauta sandar ciki kaɗan, kwatan zagaye, ba fiye ba.

Inda tsirkiya ta tsinke yana faɗin abin da ya tsinka ta. Idan kullum a kan jaki ne, ƙashin ya yi kaifi ko tsirkiya ta haƙa masa rami, sai a goge shi da takardar yashi mai laushi. Idan a kunne ne, bakin ramin ƙarfen yana da ɗan kaifi. Idan ana murɗawa ana jin ƙas-ƙas daga wajen kai, tsagar da take bi ta matse ta. A goga bakin fensir a ciki ta riƙa sulɓewa. Ta uku ce ta fi kowace ba da haushi, kuma da dalili: a waje tana da kaurin 23 ko 24, amma zuciyar da ke cikin naɗinta ba ta fi tsirkiyar farko kauri sosai ba, ga ta cikin masu ɗauke da kaya mafi nauyi a fakitin. Mai zuwa wasan biki a Tilaberi ko Filinge ya saka ta uku da ta farko biyu-biyu a aljihun jaka, tare da tsofaffin da ya cire ba su tsinke ba, kowace a naɗe, da lambarta rubuce a ƴar takarda.